Ranar da Famau Ya Ƙona Gahawa

Shekara arba'in da ɗaya dattijon nan Mzee Famau yana suyar gahawa a tsibirin Lamu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa leƙa kasko don ya ga ko ta yi ba. Leƙe, a wurinsa, aikin 'yan koyo ne. Zai zuba ƙwayar a kasko, ya ɗora kan gawayi, ya juya fuska wajen taga yana gaurayawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa yana jan carbi ko yana korar kyanwa. Hancinsa ke yin aikin. Da farko, in ji shi, gahawa warin ɗanyar ciyawa take yi, daga nan ta koma ƙanshin burodi, sannan akwai wani ɗan lokaci da bai wuce numfashi uku ba wanda take sakin ainihin ƙanshinta. A nan ake saukewa. Wanda ya ƙara numfashi na huɗu, gawayi zai shayar da mutane.

Mu da muka tashi a unguwar mun sha jin wannan bayani har mun haddace shi, don Famau ba ya gajiya da yabon hancinsa. Kuma abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba.

Kullum bayan la'asar zai fito da doguwar butarsa ta tagulla, garwashi a ƙarƙashinta, finjalai goma sha biyu a kwando, biyu daga ciki yana kaɗa su a hannu kacau-kacau don mutanen lungu su san ya fito. Ya nufi dakalin bakin teku inda tsofaffi ke buga dara. Kwano ɗaya ne na ɗauraya. Wanda ya gama sha ya miƙo, Famau ya tsoma finjalin a ruwa, ya kaɗa, ya cika wa na gaba. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi.

Sai dai kafin kowa ya ɗanɗana, akwai finjalin fari. Famau ne ke fara kurɓa a gaban jama'a don a shaida abin da ya kawo ba shi da illa, sannan ya ƙara cika finjalin nan ba tare da ɗauraya ba, ya miƙa wa wanda ya fi kowa shekaru a dakalin da hannu biyu. Wannan girma ne da ba a saye, sai dai mutum ya jira har waɗanda suka girme shi su kwanta dama. Shekara goma sha tara ke nan finjalin fari na hannun Bwana Kombo.

Kombo tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, shi ya sa kowa ke ce masa Nahoda. Tun suna yara suke tare da Famau, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya girmi Famau da shekara huɗu kacal, amma har yau “yaro” yake kiransa. Wurin zamansa can ƙarshen dakali ne, inda iskar teku ke fara bugowa, saboda ciwon asma ya cinye masa ƙirji, in ya zauna cikin mutane sai numfashinsa ya dinga fito. A gefensa akwai wani tsohon gwangwanin fenti da ya shuka ɗoɗɗoya a ciki. Ba a taɓa ganin ɗoɗɗoya mai ƙiba irin wannan ba a duk tsibirin.

“Karɓi, Nahoda, kafin ta huce,” Famau zai ce.

“Yau ma citta ta yi yawa, yaro.”

“Ko kai ta bakinka ba ka yi ba!”

“Ina da hanci. Kai kaɗai Allah ya ba?”

Daga nan Kombo zai riƙe finjalin a ƙarƙashin hancinsa, ya lumshe ido, ya yi ta juya shi kamar mai rarrashin jariri. Sauran mutane su sha biyu, su sha uku, shi yana nan da na fari. Sai hankalin kowa ya koma kan dara sannan za a ga ya miƙo finjalin babu komai. Famau ya sha cewa a duk rayuwarsa bai taɓa ganin mutumin da ke wulaƙanta gahawa mai zafi irin Kombo ba.

Ana cikin haka labarin sabuwar cutar nan ya iso. Da farko a rediyo ne, can ƙasashen da ba ruwanmu da su. Sai aka ce ta shigo Mombasa. Ran wata Litinin sai ga Sista Kadzo, ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin unguwa, ta tsaya gaban dakalin da takunkumi a fuska da sandar sabulu a hannu. 'Yar gajeruwa ce, amma muryarta takan tsallake lungu uku.

“Iyayena, ku ba ni aron kunnuwanku,” ta ce. “Wannan ba murar da kuka sani ba ce. A iska take tafiya, cikin tari da atishawa da numfashi, tana kuma bin yawu da hannu. Alamunta zazzaɓi, busasshen tari, kasala, wani kuma numfashi ya sarƙe masa. Akwai wata alama mai ban mamaki: mutum ya wayi gari ba ya jin ƙanshi, ba ya jin ɗanɗano, alhali hancinsa ba a toshe yake ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya zauna a gida ya aiko a kira ni.”

Lali mai jakuna, wanda ba a rasa magana a bakinsa, ya ce, “To Sista, ni da na yi shekara talatin ina bin bayan jaki, ai in na daina jin wari sai na yi sadaka.”

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, idanunta suka nuna, amma ba ta sauka daga kan maganarta ba. Ta ce su riƙa ba da tazara, su wanke hannu da sabulu, su rufe baki da hanci in za su shiga taro. Sannan ta juyo kan kwanon ɗaurayar Famau ta tsura masa ido.

“Baba Famau, ruwan nan fa? Finjali nawa ke wanka a cikinsa?”

“Duka. Tun kafin a haife ki.”

“Daga yau kowa ya zo da kofinsa daga gida. Kuma na ji an ce kana kurɓa ka miƙa wa Baba Kombo. Wannan kam a daina. Ka san ƙirjinsa. In cutar nan ta shige shi, ba na jin za ta bar shi.”

Ran Famau ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya zo dakalinsa da kofi daga gida? Ai wannan daidai yake da ka je cin abinci gidan surukai ka tafi da tukunyarka. Ya ce shi ba ƙazami ba ne, kuma ubansa bai kashe kowa da finjali ba.

Kombo daga can ƙarshen dakali ya ce, “Ki rabu da shi, 'yata. Gahawar yaron nan ko aljani ya faɗa cikinta mutuwa zai yi, balle ƙwayar cuta.”

Gaskiya dai Famau ya ɗan sassauto daga baya, don ba mugun mutum ba ne, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa. Ya saka sabulu a ruwan ɗauraya, yana sauya shi sau biyu. Ya yarda aka ja tazara a dakali, har Lali ya ce yanzu in kana son ka yi gulmar mutum sai ka ɗaga murya shi ma ya ji. Amma finjalin fari, a'a. Ya ce ranar da ya miƙa wa Nahoda finjalin da bai kurɓa ba, ranar ya nuna wa duniya ya daina girmama shi.

Ranar Alhamis ta wannan makon ya tsallaka teku zuwa garin Mokowe don karɓo buhun gahawa. Jirgin ya cika maƙil, kafaɗa da kafaɗa, ga wani mutum a bayansa yana ta tari har Famau yana jin ɗumin numfashinsa a ƙeya. Takunkumin da Sista Kadzo ta ba shi yana cikin aljihu a ninke, sabo fil. Ran Litinin ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi, ya ce hayaƙin gawayi ne. Ran Talata ya ji jikinsa ba ƙarfi, ya ce tsufa ne, ya fita dakali kamar kullum, ya kurɓi finjalin fari ya miƙa wa Kombo da hannu biyu.

Ran Laraba da hantsi ya ɗora kasko. Ya juya fuska wajen taga, yana gaurayawa, yana jiran warin ɗanyar ciyawa. Shiru. Ya ce a ransa wannan gahawar ta Mokowe akwai nauyin jiki. Ya ƙara fifita wuta, ya ci gaba da jan carbi, yana tsara irin zagin da zai yi wa mutumin da ya sayar masa da tsohuwar ƙwaya. Yana nan yana jira sai ga matarsa, Bi Somoe, ta faɗo ɗakin girkin da gudu, gyale a hannu, tana tari.

“Innalillahi! Baban Zuhura, gidan za ka ƙona mana?”

“Wane irin gida kuma? Ko ɗumi ba ta yi ba.”

“Dubi kaskonka, bawan Allah!”

A karon farko cikin shekara arba'in da ɗaya, Famau ya leƙa kasko. Baƙi ƙirin. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har kyanwa ta yi ta kanta, maƙwabta sun fara leƙowa ta taga suna tambayar ko lafiya. Idanunsa na yaji, hawaye na zuba, amma hancinsa bai gaya masa komai ba.

Bi Somoe ta sauke kaskon ta fitar da shi tsakar gida. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro, don shekara arba'in suna tare bai taɓa ganin ta bar damar faɗa ta wuce ta ba. Ta ɗaure gyalenta a hanci da baki, ta ɗebo kanumfari ta daka, ta ɗora a kan ludayi ta miƙo masa daga nesa.

“Shinshina.”

Ya shinshina. “Wannan tsohon kanumfari ne.”

Ta koma ta ɗauko turarenta na aure, wanda in ta buɗe shi sai mutanen lungu sun sani. Ya shinshina, ya ce turaren ya sha iska. Sai ta shiga can ƙuryar ɗaki ta fito da busasshen kifin nan da take ɓoyewa cikin gwangwani uku saboda Famau ya hana a shigo da shi gidan, wai warinsa na lalata masa hanci na kwana biyu. Ta kai masa shi har gaban fuska a kan ludayin. Famau ya ja numfashi iya ƙarfinsa. Ya sake ja. Sannan ya zauna a ƙasa daɓas.

Ba hancinsa ne ya fara faɗo masa a rai ba, duk da yadda yake ji da shi. Abin da ya gani shi ne hannayensa biyu jiya da la'asar, da finjalin da leɓensa ya taɓa, da Kombo yana karɓa yana cewa citta ta yi yawa. Ya tuna muryar Sista Kadzo tana cewa ba ta jin cutar za ta bar shi.

“Maman Zuhura,” ya ce a hankali, “na kashe Nahoda.”

“Ba ka kashe kowa ba tukuna. Tashi ka hau sama ka rufe ƙofa.”

Shaiɗan bai bar shi haka ba. Yana hawa matakala wata zuciya na ce masa: wa ya sani? Somoe ta soya wata, kai kuma ka fita kamar kullum, kwana biyu abin ya wuce. In ka aika a kira Sista, gobe duk Lamu za ta ji cewa Famau mai hanci ya ƙona gahawa, kuma shi ne ya kawo wa dakali annoba bayan an gargaɗe shi a gaban kowa. Ya tsaya a tsakiyar matakala. Sai ya tuna in Kombo ya kamu, gara a sani yau da a sani ranar da numfashinsa ya sarƙe. Ya ƙarasa sama, ya buɗe taga, ya hango Lali na wucewa da jakunansa ɗauke da yashi.

“Lali! Kar ka matso! Je ka kira min Sista Kadzo, ka ce Famau ba ya jin ƙanshi.”

Lali ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya ga fuskar tsohon, ya rufe. Ranar ce aka ga jakunan Lali suna gudu.

Sista Kadzo ta zo a lulluɓe tun daga kai har ƙafa, ta zura masa wani dogon tsinke a hanci har ya ce ta taɓo masa ƙwaƙwalwa. Ba ta ce masa “ai na gaya maka” ba, Allah ya saka mata da alheri. Ta dai fito da takarda ta ce ya lissafo duk wanda ya zauna a dakali tun ran Asabar. Ya lissafo mutum bakwai. Da ya zo kan sunan ƙarshe, na Kombo, sai ya ce:

“Ki fara da shi, 'yata. Don Allah ki fara da shi.”

Sakamako ya fito, ita ce. Aka rufe dakalin. Kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin aka ce ya killace kansa a gida mako biyu, ya riƙa lura da jikinsa. Bi Somoe ma aka ce ta zauna a ƙasa, shi a sama. Abinci a kwando take ɗaura masa da igiya ya ja ta taga, kwanukansa daban, ta wanke su da ruwan zafi da sabulu tana mita, yana jin mitar daga sama yana jin daɗi, don ya san ke nan lafiyarta ƙalau.

Kwana uku zazzaɓi ya yi ta jijjiga shi, tari kamar zai tsaga ƙirji. Shinkafa da kwakwa a bakinsa ba ta da bambanci da jiƙaƙƙiyar takarda. Duk da haka, kullum da hantsi sai ya rarrafa ya hau saman soro. Gidan Kombo rufi huɗu ne daga nasa, kuma a Lamu rufi huɗu ba nisa ba ne ga mai murya.

“Nahoda! Kana nan?”

“Ina zan je, yaro? Ka sa an kulle ni kamar ɓarawo!”

“Akwai zazzaɓi?”

“Babu!”

“Tari fa?”

“Wanda na saba tun kana tsumma!”

“Me hancinka ke ji?”

“Jakin Lali, da wainar matar Abudi da ta ƙone. Ka gamsu?”

Kafin kwana uku duk unguwa ta ɗauka. Da hantsi ya yi sai ka ga mutane sun hau rufin gidajensu, wannan ya kira wancan, “Me hancinka ke ji?” Mata na shanya suna tambayar juna. Sista Kadzo ta ce abin ya yi mata daɗi, sai dai kar su dogara da hanci kaɗai, don wasu na kamuwa hancinsu garau. Aka ƙara da tambayar zazzaɓi da tari. Ta haka aka gano Maalim Abudi, wanda ke zama kusa da Famau a dakali, ran kwana na huɗu, tun bai kai ga shiga makarantar allonsa ba. Ya sha jiki, amma ya tashi.

Ran kwana na shida Famau ya hau soro ya kira, “Nahoda!” Ba amsa. Ya sake kira, har sau uku. Babu kowa a rufin Kombo sai zanin gado da ke shanye. Famau ya dafa bango ya fashe da kuka, kuka na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa, yana kiran sunan Kombo na yanka wanda ba wanda ya kira shi da shi tun suna makarantar allo. Maƙwabta suka fito cirko-cirko. Can sai ga kan Kombo ya ɓullo daga matakala, kumfar sabulu a kunne, tawul a ƙugu.

“Kai, wai mutum ba zai yi wanka ba a garin nan? Wa ya mutu?”

Unguwar ta yi dariya har da masu riƙe ciki. Famau ya share fuska ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido, kuma ko Kombo ya mutu shi ba asararsa ba ce. Ranar ya cinye abincinsa tas, ko da yake bai ji ɗanɗanonsa ba.

Mako biyu suka cika. An gwada Kombo sau biyu, ba a sami komai ba. Sista Kadzo ta ce a ba da wani mako kafin a koma dakali, kuma da sharaɗi. Wannan karon Famau bai yi musu ba. Shi da kansa ya sa Lali ya kawo tulu mai famfo da sabulu aka ajiye a bakin dakali, ya ɗauki kwanon ɗaurayar ubansa ya ba Bi Somoe ta riƙa zuba wa kaji ruwa. Hancinsa dai bai dawo ba. Sista ta ce wasu mako, wasu watanni, sai haƙuri. Gahawar ranar farko Bi Somoe ce ta tsaya masa a kai, ta ce “sauke” ya sauke, zuciyarsa na ƙuna don bai san ko daidai ne ba.

Da la'asar ya fito da takunkumi a fuska. Tsofaffi na zaune a warwatse, kowa da abin shansa. Lali ya zo da kofin roba mai hoton ƙwallo. Maalim Abudi ya zo da kofin shayin matarsa mai furanni. Wani ma gwangwanin madara ya kawo. Kombo na can ƙarshe kusa da ɗoɗɗoyarsa, hannunsa wayam.

Famau ya ajiye buta. Bai zuba wa kowa ba. Ya tsaya daga nesa ya fuskanci Kombo.

“Nahoda, a gaban mutane na yi taurin kai, a gaban mutane zan ba ka haƙuri. An gaya min, na ƙi ji. Na kurɓa na ba ka alhali cutar na jikina. Da ka mutu, da hannuna ne. Ka yafe min.”

Kombo ya sosa gemu, ya dubi teku, ya dubi gwangwanin fentinsa. Ba a taɓa ganin kunya a fuskar Nahoda ba sai ranar.

“Zauna, yaro. Ni ma ina da magana. Ka tuna shekarar da aka kwantar da ni a Malindi?”

“Shekara goma sha ɗaya ke nan.”

“To, likita ya ce zuciyata ba ta son gahawa. Ya ce in na ƙara sha, in yi sallama da iyalina. Tun daga ranar ko ɗigo bai shiga bakina ba.”

“Ƙarya kake! Kullum finjalin wayam kake miƙo min!”

Kombo ya nuna ɗoɗɗoyar da haɓa.

Lali ne ya fara fashewa, har kofinsa ya faɗi. “Wallahi na sha mamakin ƙibar ganyen nan! Ashe finjalin fari yake sha!”

Famau ya dubi ɗoɗɗoyar, ganyenta shar-shar, ya dubi abokinsa. “Shekara goma sha ɗaya,” ya ce, “ina tashi da hantsi, ina ƙona fuskata a gawayi, ina miƙo maka da hannu biyu, kai kuma kana shayar da ciyawa? Kuma kullum ka ce citta ta yi yawa? Mako biyu ina kuka a kan soro saboda finjalin da ko leɓenka bai taɓa ba?”

Sista Kadzo, wadda ta zo duba ko ana bin sharaɗi, ta ce, “Kukanka bai tafi a banza ba, Baba. Ko bai sha ba, ya riƙe finjalin, kuma kun shaƙi iska ɗaya. Zamansa a bakin iska ne ya taimake shi, da kuma saurin da ka yi ka faɗa. Ka ga Maalim Abudi ai da ka yi shiru da yara nawa zai shafa wa?”

Famau bai ma ji ta ba. “Me ya hana ka gaya min?”

“In gaya maka, ka ba Abudi finjalin fari, ni kuma in zauna a nan in yi me? In kalli teku? Na gaji da kallonta.” Kombo ya ja numfashi, ƙirjinsa na fito. “Ni ƙanshin nake zuwa ji, Famau. Da kuma hannu biyun nan naka. Tun da matata ta rasu ba wanda ke miƙo min abu da hannu biyu sai kai.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Famau ya je bakin tulu ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya buɗe kwando ya ciro finjali ɗaya daga cikin goma sha biyun, ya wanke shi shi ma. Ya cika shi. Bai kurɓa ba. Ya taka har ƙarshen dakali ya miƙa da hannu biyu, ya ja da baya.

“Wannan naka ne kai kaɗai daga yau. Somoe ce ta ce in sauke, ni ban ji komai ba. Gaya min gaskiya, Nahoda. Ta yi?”

Kombo ya kai finjalin ƙarƙashin hancinsa, ya lumshe ido, ya juya shi a hankali. Duk dakalin na jira.

“An ƙara mata numfashi ɗaya,” ya ce. “Gobe da hantsi ka fito da kaskonka ƙofar gida, zan zo in zauna daga nesa. In na ce sauke, ka sauke, ban da gardama. Har naka hancin ya dawo.”

“In bai dawo ba fa?”

“Sai ka yi ta addu'a in daɗe.”

Ya sake shaƙar tururin sau ɗaya, ya sunkuya a gaban kowa ya tsiyaye gahawar a gindin ɗoɗɗoya, ya share finjalin da bakin rigarsa ya jefa a aljihu.

“Kuma citta ta yi yawa, yaro.”